'Yar R a Jikin Kwalba

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da injinan ɗab'inka kuna lafiya, tunda su ka mayar iyali.

Bayan haka, babban kantin nan ya yarda ya karɓi man shafawata. Sai dai manajan ya ɗora yatsa kan 'yar R mai da'ira da ka buga kusa da sunan Mama da na sa wa man, a jikin kwalba, ya ce in kawo takardar shaidar rajista kafin Litinin, in ba haka ba su fasa. Na ce masa ƙanena ne ya yi komai, kuma ba ya aikin ganin ido. Ka aiko ta, ban da nawar nan taka.

Ka huta lafiya.
Yayarka

Yaya,

Ina gaishe ki cikin girmamawa. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa.

Babu wata shaida. Manajan ya yi gaskiya, kuma na fi shi sanin dokar, aikina ne. Kowa yana iya sa TM, ma'anarta kawai sunan nan nawa ne. R kuwa sai ofishin hukuma ya gama rajistar sunan ya ba da takarda. Wanda ya sa ta kafin nan ƙarya ya yi wa jama'a, ana iya hukunta shi.

Na kai takardunki bara. Aka dawo da su saboda na cika rukunin kayan abinci a maimakon na kwalliya. Kunya ta kama ni, na jefa su aljihun tebur na ce sai gobe. A makon aka kwantar da Mama a asibiti. Kullum na shiga ɗakin sai ta tambaya, "Auta, hukuma ta san sunana kuwa?" Rana ta huɗu na koma shago, na goge TM na ɗora R. Kin tuna yadda ta riƙa nuna wa masu jinya kwalbar?

Ta rasu tana sa mini albarka kan abin da ban yi ba. Wannan ya fi komai ci mini rai. Yanzu kuma na sa ki kin yi ƙarya a kwalba ɗari huɗu. Ki yafe mini, in za ki iya.

Ƙanenki

Auta,

Na gaishe ka. Na faɗa wa manajan gaskiya, ya fasa. Ya ce in dawo in na gyara.

Ni ma ina da tawa. Ranar da na zo shagonka neman almakashi na buɗe aljihun, na ga takardun da jan biro a kansu. Na mayar na rufe, don Mama tana murna. Da ta tafi sai na sa wa raina ka gyara, na ƙi tambaya.

Ka zo Asabar da takardun da reza biyu. Tare za mu kankare R ɗin daga kwalaben.

Yayarka