Ƙafar Audi da Gwiwar Hawaja Tumas

Juma'a, 15 Nuwamba 1963

Yau aka sako mana ruwa daga tur'a, magudanar da ke shayar da gonaki, ni kaɗai na yi ban-ruwan hawasha, gonar audugarmu, har rana ta take. Audi ƙanena bai leƙo ba. Tun da Baba ya rasu gonar nan a wuyana take, ga Inna, ga matata Ma'u da ciki, shi kuma ƙato mai shekara goma sha tara yana can yana bin ƙwallo. Larabawa kura suke ce mata, kuma sun yi gaskiya, samari take ci.

Bayan masallaci na same shi a filin da ke bayan garejin kamfanin masu haƙar tur'a. Wani hawaja, Bature ke nan, mai ɗingishi yana tsaye kansa yana nuna masa yadda zai ajiye ƙafa. Tumas ake kiransa, shi ke gyara musu injuna. An ce mutumin Isbaniya ne. Ban gaishe shi ba.

Talata, 3 Disamba 1963

Hawajan ya zo har gida. Dole na shimfiɗa masa tabarma, Ma'u ta aiko da shayi. Larabcinsa kamar mai tauna tsakuwa, amma ana ganewa.

Ya ce shi ma ɗan talaka ne, ubansa masunci a wani gari na bakin teku. Ya fara wasa a ƙungiyar garinsu, daga nan wata babbar ƙungiya ta babban birni ta saye shi, har ya kai ga sa rigar ƙasarsu, ya buga da ƙasashe ana kiran sunansa. Saye shi fa ya ce, kamar raƙumi. Ya ɗage wando ya nuna mini gwiwarsa, duk ɗinki. Ya ce tun da ya bar ƙasarsu bai ga ƙafar hagu irin ta Audi ba, yana so ya kai shi wata ƙungiya a birnin Madani.

Na ce masa, in wasan nan arziki ne, me ya kawo ka nan Managil kana kwance ƙarƙashin inji? Ya shanye shayinsa.

Inna tana bayan zana tana ji. Ba ta goyi bayana ba, wanda ya fi damuna ke nan.

Asabar, 11 Janairu 1964

An fara tsinkar auduga. Audi ya hau lori zuwa Madani da safe. Inna ta sa masa albarka a ɓoye, Ma'u ce ta faɗa mini.

Asabar, 15 Fabrairu 1964

Sallah. Bai zo ba. Ya aiko wa Inna da mayafi ta hannun hawajan. Ni bai aiko da ko gaisuwa ba, ko kuwa hawajan ya manta. Ma'u ta haihu ran Talata, mace. Sakinatu.

Juma'a, 4 Disamba 1964

Na daɗe ban rubuta ba. Aiki. An ce soja sun sauka daga mulki a Hartum, mu dai ruwa bai ƙaru ba.

Da la'asar Jibo mai kanti ya aiko a kira ni, wai in zo in ji. Rediyonsa na ba da labarin wasa daga Madani, gari duk ya taru. Mai maganar yana ta ihun wani Awad, Awad ya wuce biyu, Awad ya jefa. Na ce wa Jibo ina ruwana da Awad. Ya dube ni ya ce ai shi ne Audinku, can haka suke kiransa.

Mutane sai murna, ana dafa mini kafaɗa. Na yi murmushi saboda idon jama'a. An canza sunan da Baba ya yanka wa rago.

Hawajan yana zaune a gefe kan kwalin sabulu, idonsa a rufe, ƙafarsa mai lafiya tana motsi da kanta.

Juma'a, 12 Maris 1965

Na je Madani. Inna ce ta matsa, ta ba ni ƙullin ƙuli-ƙuli in kai masa. Mota ɗaya muka shiga da hawajan, ba da sona ba.

Ban taɓa ganin mutane haka ba. Kuma zan faɗi gaskiya tunda ba mai karanta wannan: yaron ya iya. In ya karɓi ƙwallo sai ka ga kamar sauran an ɗaure musu ƙafa. Na tsinci kaina a tsaye ban san lokacin da na tashi ba.

Da aka tashi na kutsa har bakin ƙofar da suke fita. Yana tare da abokan wasansa da wasu masu manyan rawuna. Na ce, "Audi, sannu da ƙoƙari. Inna tana gaishe ka." Ya dube ni, ya dubi mutanen, sai ya amsa mini da Larabci, irin amsar da ake yi wa wanda aka taɓa gani a kasuwa. Wani ya tambaye shi wane ne wannan. Ya ce mutumin wajensu ne. Ƙullin yana hannuna har muka hau lori.

A hanya hawajan ya yi ta magana ba tare da na tambaye shi ba. Ya ce mutanen garinsu suna da harshensu daban, ba na babban birni ba. Aka yi yaƙi a ƙasar, 'yan ƙasa da 'yan ƙasa, ɓangarensu ya sha kashi, aka hana harshen a fili. Wansa yana kurkuku, shi kuma aka kira shi ya sake sa rigar ƙasa. Kafin wasa aka ce kowa ya ɗaga hannu ya yi gaisuwar waɗanda suka ci yaƙin. Ya ɗaga. Hoton ya fito a jarida, uwarsa ta gani. Wan bai fito da rai ba, ita kuma har ta mutu ba ta ƙara ce masa ci kanka ba.

Ya ce, "Kada ka riƙe yaron a zuciya. Tsoro ne."

Na ce masa ka san haka abin yake ka kai shi. Ya juya yana kallon gonaki.

Na ce wa Inna Audi ya karɓi ƙullin ya gode. Ni da Ma'u muka cinye.

Alhamis, 10 Yuni 1965

An kira Audi Hartum, cikin waɗanda za a zaɓa su buga wa ƙasa. Hawajan ne ya kawo labarin, yana ɗingishi yana sauri har ya kusa faɗawa kwata. Inna ta yi sadakar waina.

Lahadi, 4 Yuli 1965

Sun dawo da shi. Ba don wasa ba, an ce a gwaji babu kamarsa. Takardar jinsiyya suka nema, shaidar zama ɗan ƙasa. Da aka bi asali aka ga kakanmu daga ƙasar Sakkwato ya taso a hanyar Makka, sai wani a ofishin ya ce ba a sa wa Fallata, wato irinmu, rigar ƙasa. A nan aka haifi Baba. A nan aka binne shi. Audugar da ake sayarwa a saya musu rigunan wa ya tsinke ta?

Ya canza suna, ya haɗiye harshensa, duk da haka.

Ban ji daɗi ba. Na zaci zan ji, in ce ga irinta nan. Ban ji ba.

Juma'a, 22 Oktoba 1965

Muna kantin Jibo mai rediyon ya ce Awad ya faɗi, an fitar da shi a ɗauke. Ya ci gaba da ba da labarin wasan kamar ba abin da ya faru.

Litinin, 25 Oktoba 1965

Asibitin Madani. Ƙafar hagu, ƙashin ya karye biyu ƙasan gwiwa, har ya huda fata. Abokan wasansa sun ce tun da ya dawo daga Hartum yake wasa kamar mai neman faɗa, yana shiga inda mai hankali ba ya shiga. Da ya gan ni ya ce, "Yaya," da Hausa, ya kama rigata. Shi ke nan abin da ya ce.

Na fito na tarar da hawajan a baranda da ƙullin lemo. Abin da na faɗa masa ba zan rubuta duka ba. Na ce kai ka lalace, ka rasa uwa ka rasa ƙasa, shi ne ka zo ka nemi abokin lalacewa a gidanmu. Mutane suna kallo. Ya ajiye lemon a kan benci ya ce, "Gaskiya ne." Da ya yi musu da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 8 Disamba 1965

Audi yana gida. Ƙafar ta haɗu amma ta gajarce. Daga ƙungiyar ba wanda ya tako, an ce har sun ba wani rigarsa. Yini yake kwance kan angarib, gadon igiya, fuskarsa a bango. Sakinatu kaɗai ke sa shi juyowa, in ta tako ta ja masa sanda.

Hawajan yakan zo ya tsaya ƙarƙashin bishiyar da ke ƙofar gida. Ba ya sallama, ba a ce ya shigo. Audi ya ce in ya sake zuwa a ce yana barci.

Asabar, 5 Fabrairu 1966

Kamfanin ya gama aikinsa ya kwashe injuna. Hawajan bai bi su ba, an ce sun sallame shi, ba ya iya ɗaga ƙarfe yanzu. Yana nan a ɗakin kwano na bayan garejin.

Audi ma ya tafi shekaranjiya. Damazin, wajen dam, Abdussalami ɗan kawunmu ya samo masa gadi. Ya ce ba zai iya zama inda kowa ya san abin da ya kusa zama ba. Lorin ta bi ta gaban garejin, bai ɗaga kai ba. Inna ta tsufa a wata ukun nan fiye da shekara goma.

Talata, 15 Maris 1966

Ma'u ta ce mata suna faɗi a bakin tur'a hawajan ya kwana biyu bai fito ba. Ta dama kunu ta ce in kai. Na ce ba ni kaiwa. Ta ajiye kwanon a gabana ta shige ɗaki.

Na kai, don kada ya yi tsami.

Idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura. Hakim na shafahana, ƙaramin asibitin garinmu, ya duba ya ce hanta ce, kuma an makara. Ɗakin ba komai sai gado da akwati da wasu tsofaffin takalman ƙwallo rataye a ƙusa, fatar duk ta tsage. Ya tambayi Audi. Na ce yana lafiya, yana gaishe shi. Ƙaryata ta biyu ke nan saboda yaron nan.

Ya ba ni sauran labarin a guntu-guntu. Bayan wancan hoton bai daɗe ba wani ya taka masa gwiwa a wasa. Ƙungiyar da ta saye shi ta yi masa liyafa ta ba shi agogo, washegari mai gadin filin ya hana shi shiga. Garinsu kuma ba ya komuwa. Sai jiragen ruwa, yana gyaran inji, Wahran, Iskandariyya, Bur Sudan, har nan. Ya ce wani lokaci in injin yana ruri sai ya ji kamar jama'ar filin ne.

Lahadi, 3 Afrilu 1966

Kullum nake zuwa yanzu, in na taso daga gona. Ba wani ne zai je ba. Na kai masa romon layya, bai iya sha ba.

Yau da hantsi Larabcin ya gudu daga bakinsa. Ya koma wani harshe da ban taɓa ji ba, ba irin wanda yake yi da sauran hawajoji ba. Ina jin na garinsu ne. Ya riƙe hannuna yana ta faɗi, yana tsayawa kamar mai jiran amsa. Sai na riƙa amsa masa da Hausa. Na ce na ji, ba komai, an yafe. Ban san me na yafe ba, ko a madadin wa. Ya saurara, ya ci gaba, na ci gaba. Haka har azahar.

Laraba, 6 Afrilu 1966

Ya rasu jiya da safe.

Liman ya ce ba a sa shi cikin maƙabartarmu, kuma na san haka ne, ban yi gardama ba. Wasu suka ce a kira hukuma su san yadda za su yi da shi. A wannan zafin. Ni da Jibo muka naɗe shi a bargo muka sa a lorin da ke kai buhunan dawa Madani, na zauna a baya na riƙe shi saboda gargada. Bai da nauyi ko kaɗan.

A maƙabartar Nasara wani fada tsoho ya karɓe mu. Ya tambayi cikakken sunansa, na ce Tumas kawai na sani. Ya ce me yake yi a duniya. Na buɗe baki zan ce makanike, sai na ce ɗan ƙwallo ne, ya buga wa ƙasarsa, kuma an ce ba kamarsa a zamaninsa. Wannan na ƙarshen ba wanda ya faɗa mini.

Sai fadan ya ce, kai kuma wanensa ne?

Na ce ɗan'uwansa.

Jibo ya dube ni. Har muka dawo bai tayar da maganar ba, Allah ya saka masa. Ni ma ban san dalili ba. Gajiya ce wataƙila, kalmar ce ta fi kusa da baki.

Ban sanar da Audi ba tukuna. Sai na sami yadda zan faɗa.

Gobe za a fara tuge karan auduga a ƙone. Hanyar gona ta gaban garejin take bi. Ina ganin zan zaga ta bakin tur'a, ko da ta fi nisa.