Zabon Inna

Daren Laraba, Matameye

Barci ya ƙi zuwa. Yau na ɓata wa Inna rai.

Da safe na dawo daga gudun da nake yi kullum a hanyar Kance, jikina sharkaf da gumi, sai na tarar ta iso daga Dungu. Ta zo da zabon da ta yi kiwo da hannunta, har matata Hadiza ta ɗora tukunya. Da Inna ta ajiye mini kwanon, na ce, "Inna, ai na gaya miki na bar cin nama. Wake da zogale sun ishe ni, da su nake jin ƙarfin gudu." Muryata ta fi yadda na so tsauri.

Ba ta yi faɗa ba. Ta mayar da murfin kwanon a hankali, ta ce, "To, Allah ya ƙara lafiya."

Bayan la'asar ta koma gida. Sai da ta tafi Hadiza ta faɗa mini cewa mutanen Dungu ne suka ce wa Inna na rame, ta ɗauka ciwo nake ɓoye mata. Tun da ta ji ba ta iya cin abincin kirki.

Lafiyata lau, ban taɓa jin jikina sakayau haka ba. Amma ban zauna na yi mata bayani ba.

Hadiza ta ce a bakin ƙofa Inna ta tambaye ta a ɓoye, wai wane irin wake na fi so, fari ko ja.