Shekarar da Aka Cire Ni Daga Ajin Kimiyya

Litinin, 16 ga Satumba
Ajin kimiyya! Baba ya ture ɗinkin mutane gefe, ya ɗinka min farar rigar shiga ɗakin gwaji, har da aljihun biro. Duk wanda ya leƙo shago sai ya yi gyaran muryar nan tasa ya ce, "Kun gaisa da Likita kuwa?" Ni dai sai sunkuyar da kai.

Alhamis, 3 ga Oktoba
Mun shiga ƙungiyar kimiyya ni da ƙawata Doguwa. Ita tana ganewa, ni ina gyaɗa kai.

Laraba, 13 ga Nuwamba
Malamin kemistiri ya fito da ni gaban allo. Na tsaya har allin ya jiƙe a hannuna. Ya ce, "Je ki zauna, allon ya gaji da jiranki." Aka kwashe da dariya. Doguwa ba ta yi ba, taga ta juya tana kallo. Da ma ta yi, da ya fi min sauƙi.

Litinin, 13 ga Janairu
Shi ke nan. Mataimakin shugaban makaranta ya shigo, ya ce waɗanda suka faɗi jarrabawar zangon farko su ɗauki jakunkunansu. An mai da mu ajin adabi, can ƙarshen baranda kusa da famfo. Na wuce ta gaban kowa, takalmina sai ƙara yake.
A gida Mama ta ce, "Ya makaranta?" Na ce lafiya lau.

Talata, 4 ga Fabrairu
Har yanzu kullum da safe ina ninke farar rigar in sa a jaka a gaban Baba. Ranar Asabar in wanke ta, ba datti ba komai.
Malamar adabi ta ce dole kowa ya shiga ƙungiya. Ta kimiyya ba ta 'yan ajinmu ba ce. Wasan kwaikwayo kaɗai ke da gurbi. Na zauna a bencin baya.

Alhamis, 20 ga Fabrairu
Ban san abin da ya hau kaina ba. Aka ce kowa ya fito ya kwaikwayi wani na gidansu. Na rataya igiya a wuya kamar tef ɗin awo, na yi gyaran murya na ce, "Kun gaisa da Likita kuwa? Sauro ma in ta yi masa allura sai ya warke!" Mai Baki, shugabar ƙungiyar, sai da ta faɗo daga benci. Aka ce in sake. Na sake, har da ƙari.
Na ji daɗi. Abin ke nan. Na ji daɗi ƙwarai.
Da na dawo Baba ya ɓare lemo ya ba ni rabi. Na karɓa ban kalle shi ba.

Laraba, 12 ga Maris
Malama ta ce in rubuta shi ya zama wasa sosai, mu yi ranar da iyaye za su zo. Ni ce tsohon tela. Na ce to. Ai Baba ba ya rufe shago ranar Asabar.

Talata, 29 ga Afrilu
Yau ma ban faɗa wa Baba an cire ni ba.

Asabar, 17 ga Mayu
Ya rufe shagon.
Doguwa ce ta ba ni labari daga baya, tana kuka kamar ita aka yi wa. Wai da sabuwar rigarsa ya zo, kai tsaye ya nufi ɗakin gwaji inda 'yan kimiyya ke nuna ayyukansu, ya ce 'yarsa yake nema. Malamin kemistiri ya ce, a gaban iyayen mutane, "Ai tun farkon zango na biyu ta bar mu, duba zauren taro."
Ni ban sani ba. Ina kan dandamali da gemun auduga, zaure ya cika, ana ta tafi. Na yi gyaran muryar, na buɗe baki, sai na hango shi tsaye a bakin ƙofa. Wata mata kusa da shi tana dariya har da riƙe ciki.
Ban tsaya ba. Wallahi na so in tsaya, bakina ne ya ci gaba shi kaɗai. Kafin a gama ya tafi.
Na biyu muka zo a gasar ƙungiyoyi, in ji su.

Lahadi, 25 ga Mayu
Yana amsa gaisuwa, iyakarta ke nan. Mama ta ce, "Da ni kika fara gaya wa, da na san ta inda zan bi masa." Ƙanina ya yi gyaran murya a tsakar gida, ta jefe shi da takalmi.

Alhamis, 5 ga Yuni
Na kai masa ruwa shago. Bai ɗago daga keken ba. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yi haƙuri." Keken ya yi ta tafiya, can ya tsaya.
Ya ce, "Faɗuwa ba komai ba ce. Amma kika bar ni ina ta cika wa mutane baki, kina kallona."
Ya cije zare ya tofar.
"Maganganun tsohon nan, wa ya rubuta?"
Na ce ni.
"Duka?"
Na ce duka.
Ya daɗe yana duba bakin rigar da ke hannunsa. Ya ce, "Miƙo min almakashi."

Laraba, 2 ga Yuli
Jiya mataimakin shugaba ya aiko: duk mai son komawa kimiyya baɗi ya zo yau da safe a sake gwada shi. Doguwa har aji ta biyo ni, ta ce za ta riƙe min kujera kusa da ita. Baba ya ce in yi abin da na ga zan iya.
Ban je ba. Muna ɗakin ƙungiya ni da Mai Baki muna gardama a kan wasan baɗi, ita ta ce uwar da ke cikin wasan ta mutu a ƙarshe, ni na ce ba inda za ta. Kafin in farga an kaɗa ƙararrawa.
Na gaya wa Doguwa mantawa na yi.
Alhali akwai agogo a bangon ɗakin ƙungiyar, saitin fuskata.