Na Gaji da Jin “Babu Gyara, Baba”

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo da ke Makarfi,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, da iyali, da haƙuri da jama'a. Ni ne Tanimu na Furana, wanda yake fitowa a wasannin ƙungiyar nan tun kana kallonmu daga wuyan yayanka. Ƙorafina ya kai shekaru: tun da Malam Bulus ya rasu, babu wanda ya sake gyara mini magana. Na faɗa maka a ofis, na faɗa maka a wajen ɗaurin aure, kullum sai ka yi dariya ka ce za a duba. Shi ya sa na kawo maganar fili. Ban yi boko ba, maƙwabcina tela ne yake rubuta mini, na kuma ce ya sa ta yadda ta fito daga bakina.

Na farko, don waɗanda ba su san shi ba. Malam Bulus malamin firamare ne, mutumin kudancin Kaduna, shi ne mai riƙe mana takardar wasa. In ana gwaji yana gefe a kan benci da fensir, ba ya tsayar da kowa. In ka tsallake magana ya ja layi, in ka ƙara taka ya zagaye wurin. Da an tashi ya ba kowa takardar gyaransa. Ni da ba na karatu, sai ya sayi rake mu zauna a bayan makaranta. Kowace gaɓa da gyaranta. Ya faɗi abin da na ce, ya faɗi abin da aka rubuta, in yi ta maimaitawa har ta zauna, sannan ya miƙo mini gaɓar. Ran da shirmena ya yi yawa, sai mun ƙara wata sandar rake. Mun sha faɗa da shi, don ni ina ganin tawa ta fi daɗi. Sai ya ce, “Tanimu, mai fitowa a matsayin matarka tana jiran kalmarka ta ƙarshe kafin ta shigo. In ka canza ta, ka bar baiwar Allah tsaye a bayan labule.” Har gobe ban yarda ya fi ni gaskiya a komai ba. Amma in na ga mai rake a tasha, kawar da kai nake yi.

Na biyu. Yanzu Malama Rakiya ce take riƙe da takarda, kuma ta iya aikinta. Ina gani tana bin kowa da gyaransa, wasu ma ta waya take tura musu. In ta zo kaina sai ta durƙusa ta ce, “Babu gyara, Baba, Allah ya ƙara lafiya.” Ban ga laifinta ba. Abokin ubanta ne ni, na ci tuwon sunanta, kuma ba a koya mata ta dubi furfura ta ce ka yi kuskure ba. Amma ni ba gaisuwa take kawo ni daga Furana a bayan babur ba. Gaisuwa muna da ita a gida.

Na uku. Da damina na gwada ta. Muna gwajin wasan rigakafi, da gangan na bar maganata na kwaso ta wani tsohon wasa na takin zamani, na zuba ta har ƙarshe. Yara suka sunkuyar da kai. Da idona na ga biron Rakiya yana tafiya a kan takarda. Na ji wani sanyi a raina, na ce yau dai za a kira ni gefe. Aka tashi, ta zo ta durƙusa. Babu gyara.

To ashe gyaran yana nan, ba dai a bakina ake yin sa ba. Duk maganar da na yi tuntuɓe a kanta, gwaji na gaba sai in ji ta a bakin wani. Haka aka yi ta zare su ɗaya bayan ɗaya. A wasan da muka yi a Kudan, Garba, wani matashi a cikinmu, shi ne ya fito dattijo, an manna masa gemun auduga, an barbaɗa masa gari a ka, ni kuma da gemun gaskiya ina kan tabarma ina gyaɗa kai. Wata tsohuwa a cikin 'yan kallo ta tare ni ta ce, “Malam, ko ciwo ne ya kama maka harshe?” 

Na san ƙwaƙwalwata ba kamar da ba ce. Wataƙila da gaske na ƙare. Amma yaya zan sani, alhali ba a gwada ni da gyara ba?

Ga roƙona. Ka ba Rakiya umarni a gaban kowa, don kunya ta sauka daga kanta, cewa ta zaunar da ni bayan kowane gwaji ta faɗa mini kuskurena da baki. A mayar mini da maganar dattijo a wasan da za a yi bayan girbi. In an gyara mini na kasa riƙewa, da hannuna zan manna wa Garba audugarsa. In kuma kun riga kun yanke cewa ba ni da sauran amfani, a faɗa mini ido da ido, a daina zaunar da ni kamar kayan ado.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuri'a, ya ba ka tsufan da za a riƙa gaya maka gaskiya. Gwaji na gaba zan zo da sandar rake. Haƙoran shan sa sun zube, Rakiya ce za ta sha, ni in saurara. Zan zauna a bayan makaranta, kuma ba zan tashi ba sai ɗayanku ya zo ya ba ni amsa.

Wassalam.

Tanimu na Furana