Tsuntsayen da Na Kifar

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya maigidan, ya jikin Ummi? Inna da kowa nan Safana lafiya lau.

Yaya, saura ƙiris na bar ajin ɗinki. Malama ta ba ni atamfa in yanka riga, hankalina na kan littafin soyayyar da ke jakata, sai na yanka ta a juye. Tsuntsayen jikinta duk kansu ƙasa. Don kunya na ƙudura ba zan ƙara sati ba.

Ranar Laraba Malama ta gayyato wata maɗinkiya, Hajiya Rabi, 'yar garin Zakka, mai shago a Katsina. Da ta ɗaga rigar, ji na yi kamar in nutse. Sai ta yi dariya ta ce, "Zo nan, 'yata. Ni kayan amarya na fara kifarwa, uwarta har gida ta biyo ni!" Ta kama hannuna, ta nuna mini yadda ake shimfiɗa atamfa a duba inda zanen ya fuskanta kafin a ɗauki almakashi.

Na fasa barin ajin, Yaya. Ki sa ni a addu'a, ki shafa mini kan Ummi. Ki aiko da atamfarki ta sallah, tsuntsayenki sama za su kalla.

Ƙanwarki,
Zainab