Ka Bar Ganye a Gonar Koko

Ras Al Khor, Dubai
Nuwamba 2019

Zuwa ga ƙanena Sabo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da Mero da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan. Mu nan sai godiya, shagon kayan mota yana tafiya, har na ƙara ma'aikata.

Na ji saƙonka, cewa ɓeraye sun gwaguye kokon bana, ka gaji da Kurmi, in nemo maka biza ka taho. Wallahi na tausaya maka. Na san wahalar da ka sha tun da na sayi gonar nan na damƙa maka, kuma ban taɓa jin an ce ka yi lalaci ba. Sai dai na ba maƙwabcin shagona Yacouba labari, mutumin Maraɗi ne da ya daɗe yana noman koko a Kodebuwa, ya tambaye ni ko kana share gonar. Na ce ƙanena ne fa, gonarsa kamar tsakar gida, ganye ɗaya ba ya kwana, tarawa yake ya ƙone kamar yadda Baba ya koya mana a gonar gero. Mutumin nan ya riƙe kai. Ya ce ai a ƙarƙashin ganyen nan ƙananan macizai suke kwanciya da rana, duhu ya yi su fito su cinye jariran ɓera tun suna rami. Ya ce yawancinsu ba su da dafin kashe mutum, har akwai mai haɗiye masu dafin. Ka ƙone musu gida, ɓera ya samu gari.

Ban ga laifinka ba, Sabo. Ni ma da haka zan yi, kuma na san tsoron Mero saboda yara. To ka share kewayen gida, ka saya wa kowa takalmin roba mai tsawo, kada a taɓa maciji da hannu, amma cikin gona ka ajiye tsintsiya da ashana.

Maganar biza kuwa, khalas, ta ƙare, ban yarda ba. Ni na kwana mu takwas a ɗaki ɗaya a unguwar Hor Al Anz ta nan Dubai kafin in zama abin da na zama, ba zan raba ka da iyalinka ka zo ka ɗanɗana wannan ba. Ka ba gonar damina biyu. In ɓera bai ragu ba, ni da kaina zan zo mu sake shawara.

Ka gaida Inna, da Mero, da 'yata Halima Sa'adiya. Matata Turai tana gaishe ku.

Yayanka,
Alhaji Idris