Kowa Biyar Yake Samu

Jega, Litinin

Zuwa ga uwargidana Uwani,

Gaisuwa mai yawa da so da yarda. Ina fata kin isa Maiyama lafiya, kin iske Inna da sauƙin ƙafa. Mu nan lafiya lau, sai kewa. Na kira wayarki har na gaji ba ki ɗauka ba, shi ya sa na ba Barau direba wagga takarda. Abin da zan faɗi ma, da ina kallon idonki ba zai fito ba.

Ɗiyarmu Hamdiyya ta yi gaskiya. Ran Sallah da na zage ta gaban ƙannenki, na kira ta maƙaryaciya, na ce karatun jami'a a Aliero ya ɗebe mata kunya, ni ne maƙaryacin. Ba ni da wata baiwa ta sanin abin da ke zuciyar mutum. Wani mai awon albasa ne ya koya mini dabarar ina saurayi: ka riƙe lamba a ranka, ka ninka ta biyu, ka ƙara goma, ka raba biyu, ka cire lambar farko. Kullum biyar ce ke saura. Ban taɓa tambayar dalili ba sai da ɗiyar cikina ta warware shi a tsakar gida. Kin ji ta. Ta ce a ɗauki lambar kamar buhu ɗaurarre. An ninka, buhu biyu. An ƙara albasa goma a gefe, an raba biyu, buhu ɗaya da albasa biyar. A ɗauke buhun, ko me ke cikinsa, biyar ce a ƙasa. Ta ce a makaranta harafi suke sa wa buhun, sunan abin aljabara. Kowa ya yi dariya, ke ba ki yi ba. Na san abin da kika tuna.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na sa ki riƙe lamba tare da sunan ƙawarki Malama Agatha a zuci. Na ce idan amsarki ta zo daidai da abin da na rubuta a tafin hannuna, to ba alheri take nufin gidanmu da shi ba. Na buɗe hannu, biyar. Daga ranar kika bar ajin manya da take koyar da ku, kika daina amsa sallamarta. Uwani, matar nan ba ta yi mini komai ba. Na ga kina karanta takardar asibiti ba ki neme ni ba, na ji tsoron ranar da za ki fi ni. Ki gafarta mini.

Maigidanki,
Sambo

Jega, Alhamis

Zuwa ga Uwani,

Bayan gaisuwa, yaya jikin Inna, yaya mutanen gida? Barau ya ce kin karɓi takardar, ba ki ce komai ba. Ban ga laifinki ba.

Jiya na je Sabon Gari na nemi gidan Malama Agatha. Ta yi ritaya, kanta duk furfura. Sau biyu ina wuce ƙofar kafin in yi sallama. Ta ba ni kujera da ruwa, ta tambayi lafiyarki tun kafin ta tambayi tawa. Na faɗa mata komai, kaina a ƙasa. Na so ta zage ni, da na ji sanyi. Sai ta ce ita duk shekarun nan tana zaton wani abu ta faɗa da ya ɓata miki rai, ta yi ta bincikar kanta ba ta gano ba. Dabarar kuma, in ji ta, 'yan aji huɗu take yi wa ita ran Juma'a idan sun gaji da karatu. Kin ji abin da na yi shekaru ina taƙama da shi.

Da zan tashi ta ce a ajin nan kaf babu wadda ta kai ki kan lissafi, kina ba da amsa kafin ta gama rubutu a allo. Ban taɓa sani ba, don ban taɓa tambayarki ba. Ta ce ƙofarta a buɗe take gare ki. Ni dai ba ta ce ta yafe mini ba, ban kuma roƙa ba.

Ki gaida Inna.
Sambo

Jega, Lahadi

Zuwa ga Uwani,

Ina gaishe ki, ina yi wa Allah godiya da Inna ta fara takawa. Amsarki ta iso, da rubutun hannunki. Na zauna na karanta ta.

Ashe kin sani. Kin ce washegarin ranar da na buɗe miki tafin hannuna kika zauna da ƙwayar gyaɗa, kika gwada uku, kika gwada bakwai, kika gwada ashirin, duk biyar. Kin bar Agatha ne don kin ga abin da nake so ke nan, kika zaɓi zaman gidanki, kina jiran ranar da zan faɗa da bakina. Shekara goma sha ɗaya ina yi wa baƙi wasan nan kina miƙo musu ruwa, ina ɗauka tsorona kike ji, ashe rufa mini asiri kike yi. Ban san inda zan sa fuskata ba.

Na kuma gane abin da ya tashe ki daga gidan nan bayan Sallah. Kin iya haɗiye abin da na yi miki, amma ba za ki zauna a ce wa ɗiyarki maƙaryaciya kan gaskiya ba. Sharaɗinki na karɓa. A gaban waɗanda na zage ta, a nan zan ba ta haƙuri. Na aika wa ƙannenki su zo ran Juma'a bayan masallaci, ni da kaina zan je Aliero in ɗauko ta. Ban taɓa ganin uba ya yi haka ba, ban san ta inda ake farawa ba. Ki zo ki zauna inda zan gan ki. Idan murya ta tsaya mini, kada ki taimake ni a wannan karon.

Naki, mai jin kunyarki,
Sambo